Darasi na 9: Ciwon da Ake Zama da Shi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar jira ta likitar ƙauye, a Tsarnawa ne ko Dogarawa ko Tajaye, ya san waɗanda ke cika benci da safe: mata da goyo, masu ciki da suka zo awo, yaro mai zazzaɓi, yaro mai zawo. Da wuya ka ga dattijo ya tako da ƙafarsa ya ce a auna shi alhali ba inda ke masa ciwo. Shi sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gona ko a ƙofar masallaci, baki ya karkace, hannu ya saki, sannan a ɗauko shi a amalanke. Ranar ce iyali za su fara jin kalmar tansiyo, wato hawan jini, ko da yake ciwon ya yi shekaru yana kwana yana tashi tare da mai gidan.

Akwai ciwon da ke zuwa ya tafi. Zazzaɓin cizon sauro, in aka sha magani kwana 3, an rabu da shi. Akwai kuma ciwon da ke zuwa ya shimfiɗa tabarma. Wani sai an yi watanni ana shan magani kafin ya tashi, kamar tarin fuka da kuturta. Wani ba ya tashi sam, sai dai a lallaɓa shi har ƙarshen rai: hawan jini, ciwon suga, amosanin jini, sida wato ƙanjamau, da wasu nau'o'in farfaɗiya. Wannan kashi na biyu ne za mu duba yau, mu ga abin da gwamnati ta ƙirƙiro da kuɗin jama'a domin masu shi, inda abin ya yi kyau, da inda har yanzu mai ciwo ke ɗauke da kayansa shi kaɗai.

Yadda likita ta matso kusa da gida

Tsofaffin cikinmu suna tuna lokacin da mutumin ƙauye ba ya ganin ma'aikacin lafiya sai ya yi tafiyar yini. A yankin Ƙonni da kewaye sunan da kowa ya sani shi ne Galmi, asibitin da mishan ɗin SIM suka buɗe a 1950, wanda har gobe mutane ke zuwa daga Nijar da Najeriya. Amma asibiti ɗaya, komai kyansa, ba ya isar ƙasa.

Daga 2001, a zamanin Shugaba Tandja Mamadou, aka fara abin da aka kira shiri na musamman na shugaban ƙasa. An yafe wa Nijar wani ɓangare na bashin da ƙasashen waje ke bin ta, bisa sharaɗin a zuba kuɗin cikin ayyukan rage talauci. Da su aka gina ajujuwa da rijiyoyi da ƙananan gidajen likita na ƙauye, waɗanda ake kira kaz da sante. Kafin ƙarshen 2007 an gina kusan 2,000 a faɗin ƙasa. Ba lokotoro aka kai cikinsu ba. An ɗauki matasa masu ɗan ilimin boko, aka horar da su na wasu watanni, aka ba su jerin cututtukan da za su iya dubawa da waɗanda dole su tura gaba. Haka tsanin yake har yanzu: daga kaz da sante zuwa babbar likita da ake kira CSI, inda majo, wato shugaban ma'aikatanta, yake, daga CSI zuwa asibitin gunduma, daga nan zuwa babban asibitin jiha a Tawa, abin da ya gagara a wuce Yamai, tafiyar fiye da kilomita 400 daga Ƙonni.

Sai aka zo kan kuɗi. A 2005 gwamnati ta ce aikin fiɗa na ciro jariri kyauta ne. A 2006 ta ƙara da duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 da ba su magani, da awon ciki, da tsarin iyali. Daga baya aka shigo da ƴan sa-kai na cikin gari, waɗanda ake kira rale, mutanen da gari ne ke zaɓensu, suna shiga gida-gida. Su ne kuke gani da damina suna rabon maganin kare yara daga zazzaɓi wata-wata.

Abin ya yi amfani, ba a musu. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ba sa kai shekara 5. Zuwa 2009 adadin ya sauko 128. Masana lafiya na duniya sun yi ta kawo Nijar misali a kan haka. Tsarin bai rasa aibu ba: likitoci suna ba da magani kyauta su aika da takardar neman biya, kuɗin gwamnati su yi watanni, wani lokaci shekaru, ba su iso ba, sai kantar magani ta bushe. Amma mu lura da wani abu daban. Duk wannan gini an yi shi ne domin uwa da ɗanta, domin ciwon da ke kisa cikin kwanaki. Daidai ne a fara da nan. Sai dai mutum mai shekara 50 da hawan jini ba ya cikin lissafin. Shi zai biya kuɗin ganin likita, ya biya magani, wata mai zuwa ya sake biya, haka har abada.

Tarin fuka: inda aka gwada aka ga ya yiwu

Cikin dukkan cututtuka masu daɗewa, tarin fuka ne aka fi yi wa tsari mai kyau, don haka za mu tsaya a kansa sosai.

Mutumin da ya yi mako 2 ko fiye yana tari, yana ramewa, yana zufa da dare, ana karɓar majinarsa a auna. Awon kyauta ne, maganin ma kyauta. Magani na wata 6 ne: wata 2 na farko ƙwaya mai haɗin magunguna 4, wata 4 na baya mai haɗin 2. Matsalar ita ce kafin wata 2 ya cika yawanci tari ya lafa, ci ya dawo, mutum ya ji garau. Nan ne shaiɗan ke raɗa masa cewa ya warke. In ya daina, ƙwayoyin cutar da suka rage su ne masu taurin kai. Su za su hayayyafa, ciwo ya dawo, maganin farko kuma ba zai ƙara cin su ba, kuma irin su zai shafa wa matarsa da ƴaƴansa.

Saboda haka ba a tsaya ga miƙa wa mutum ƙwaya a ce Allah ya sawwaƙe ba. An buɗe rajista: kowane mai ciwo da sunansa, da garinsu, da ranar da ya fara, da ranar da zai dawo. An ba shi katinsa. An ce a watannin farko ya sha magani a gaban wani, ma'aikacin lafiya ko rale ko wani amintacce na gida. An ware maganinsa tun daga farko don kada a kai tsakiya a ce ya ƙare. Sannan, abin da ya fi duka, in ranar dawowarsa ta wuce ba a gan shi ba, ba a cewa ruwansa. Ana kiran wayarsa, ko a aika a nemo shi.

Ku duba da kyau, cikin waɗannan ba wata na'ura mai tsada. Littafi ne, da alƙalami, da kwalin magani, da mutum mai ƙafa da kunya.

Nijar ta ma yi abin da duniya ta koya daga gare ta a wannan fanni. A da, mai tarin fukan da ya ƙi jin magani sai ya yi wata 20 ko 24 yana shan ƙwayoyi da allurai, da yawa su gaji su bari. Daga 2008 hukumar yaƙi da tarin fuka ta ƙasa, tare da ƙungiyar Damien ta ƙasar Beljiyam, suka ɗauki wani gajeren tsari da aka fara gwadawa a Bangaladash. Sun fara da wata 12, daga baya suka sauko wata 9. Cikin rukunin farko, kusan 9 cikin kowane 10 sun warke. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren tsarin, kuma sakamakon Nijar na cikin hujjojin da aka duba.

Kusan haka aka yi wa sida. Tun 2004 ake ba da maganinta kyauta a Nijar. Ba ya kashe cutar, amma mai shan sa kullum yana noma, yana aure, mace tana haihuwar ɗa lafiyayye in ta bi ƙa'ida. Maganin kuturta ma kyauta ne, wata 6 ko 12 gwargwadon irinta, kuma wanda ya zo da wuri, tun tana tabo mara jin taɓi a fata, ba ya rasa yatsa ko ɗaya.

A faɗi gaskiya kan inda kuɗin ke fitowa. Gine-gine da albashin ma'aikata daga baitulmalin ƙasa ne, wato harajinmu. Amma babban kaso na kuɗin maganin tarin fuka da sida daga waje yake zuwa, musamman daga Asusun Duniya da aka kafa a 2002 don yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Nijar, kamar yawancinsu, ba ta kai ba. Wanda ke cin tuwo da miyar maƙwabci kuwa dole ya riƙa tunanin ranar da maƙwabcin bai ɗora tukunya ba.

Inda aka tsaya

Hawan jini da ciwon suga ba su da wani asusun duniya mai ba da magani kyauta. Ba don wuyar gano su ba. Na'urar awon jini ƴar ƙarama ce, ana ɗaura ta a dantse, minti 2 an gama. In lamba ta kai 140 bisa 90 ko ta wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka samu haka, to akwai hawan jini. Suga kuma ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, da safe kafin a ci komai. In ya kai giram 1.26 a lita, aka maimaita aka tabbatar, ciwon suga ne. Magungunan farko, irin su amlodipin na hawan jini da metformin na suga, tsofaffin magunguna ne masu sauƙin kuɗi in an saye su a farmasin gwamnati ba da sunan kamfani ba.

To me ya hana? Abin da aka yi wa tarin fuka ne ba a yi musu ba. A wurare da yawa mutum zai zo da ciwon kai, a auna a ga jini ya hau, a rubuta masa magani na wata ɗaya, ya tafi. Ba rajistar da za ta nuna ya kamata ya dawo, ba mai neman sa. Ya shanye kwali ɗaya, kai ya daina ciwo, shi ke nan a ganinsa. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum na iya jin lafiya lau alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya suna ta cin wuya. Sai shanyewar ɓarin jiki, ko ƙoda ta tsaya a ce sai wankin ƙoda, abin da babu shi a CSI, kuma zaman jinyarsa a birni kan cinye gona da garke.

Hukumomi sun san da wannan giɓi. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari mai suna PEN, wanda ke nuna yadda ma'aikacin ƙaramar likita zai gano hawan jini da suga da asma ya kuma bi su, ba sai lokotoro ba. A watan Agusta na 2022, a Lome, ministocin lafiya na Afirka suka amince da ƙarinsa, PEN-Plus, don a sauko da kula da masu tsananin ciwo, kamar amosanin jini da sugan yara mai buƙatar allurar insulin, zuwa asibitin gunduma. Takarda ta yi kyau. Mai karatu ya tambayi majon garinsu ko abin ya iso.

Amosanin jini yana nuna nisan da ke tsakani. Nijar na da cibiyar ƙasa ta wannan ciwo a Yamai tun 2010, amma uwar da ke Bazaga ko Allela, wadda ɗanta ke kuka da ƙashi duk lokacin sanyi, ba ta iya zuwa Yamai duk wata. Abin da take buƙata kusa da ita ne: yaro ya sha ruwa da yawa, a lulluɓe shi lokacin hunturu, ya kwana cikin gidan sauro, ya cika rigakafinsa, kuma da zarar jikinsa ya yi zafi a kai shi likita ranar, ba gobe ba. Ciwon gado ne, ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa kaɗai ba. In uba da uwa kowannensu na ɗauke da rabin irin, a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai ciwon. Mu da auren zumunci ya yi wa yawa, awon jini kafin a kai kuɗin aure ba abin kunya ba ne.

Mu mutanen bakin iyaka

Yankinmu na da nasa hali. Bayan girbi samari da magidanta suna tafiya cin rani, wasu Sakkwato da Kano da Legas, wasu Abijan, wasu Libiya. Masu albasa a Galmi da masu aikin fadamar Ƙonni, in lokacin dashe ko cira ya zo, ba su da yinin da za su ɓatar a layin likita. Nan ne magani ke yankewa. Mai shirin tafiya ya je wurin majo tun da sauran kwanaki, ya faɗi gaskiyar inda za shi da tsawon zaman da zai yi, ya nemi a rubuta masa sunan maganinsa da ƙarfinsa a karne, wato katin lafiyarsa. Sunan da ke jikin kwali a Ƙonni ba lalle ya zama shi ne a Sakkwato ba, amma sunan asalin maganin ɗaya ne ko'ina.

Kowa kuma ya san yawan maganin da ke ƙetarowa daga kasuwar Illelar Amarawa, da wanda ake tallarsa a faranti cikin rana. Arha gare shi, shi ya sa ake saye. Amma ƙwayar da ta yini tana gasuwa a rana, ko wadda ba a san inda aka yi ta ba, mai hawan jini ba shi da hanyar sanin ko tana aiki, tun da ciwon nasa ba ya magana. Mun ga kuma abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024: kaya suka yi wuya, magani ya yi tsada. Mai zazzaɓi zai iya dacewa ciwonsa bai faɗo cikin irin wannan lokaci ba. Mai shan magani kullum ba shi da wannan sa'ar, don haka kada ya jira ƙwaya ta ƙarshe kafin ya nemi wata.

Mai allurar insulin a garin da ba lantarki yana iya aje kwalbar cikin ƙaramin mazubi mai murfi, ya sa a tukunyar ƙasa da ke cikin wata tukunyar, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a ajiye a inuwa. Wani malami ɗan jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta duniya a 2000 saboda yaɗa wannan dabara don adana kayan miya. Randar kakanninmu ce aka yi wa kwaskwarima.

Sai abinci, wanda ba ya jiran gwamnati. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya yawancinsa gishiri ne. Shayin majalisa, na ɗaya da na biyu da na uku, ku ƙirga sukarin da ke shiga buta. Mai ciwon suga da ke son yin azumi ya shawarci likita tun cikin watan Sha'aban, don wani ana canza masa lokacin shan magani ya yi azuminsa lafiya, wani kuma malamai da likitoci sun haɗu a kan cewa yana da uzuri.

Karatu a bayyane

Mutum biyu su tashi su karanta wannan hira, ɗaya rale, ɗaya dattijo.

"Salamu alaikum, Baba. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, ƴata. Shigo. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Baba, majo ya ce ranar Litinin ya duba littafi bai gan ka ba."

"Ai na samu sauƙi. Kan ya daina sarawa, jirin ma babu. In ta shan ƙwaya kamar mai cin gero?"

"Sauƙin nan, Baba, ƙwayar ce ta kawo shi. Yaushe ta ƙare?"

"An yi kwana goma. Kuma ki duba, kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa sun fi kuɗin maganin."

"Gaskiyarka. Bari in auna ka tukuna, miƙo hannun. Ka gani, 170 bisa 100. Ranar da kana sha 135 muka samu, ga shi a karnenka."

"Ikon Allah. Ni kuwa ban ji komai ba."

"Haka yake yi. Ku huɗu ne masu wannan ciwo a garin nan. In kun yarda, ranar kasuwa mutum ɗaya ya tafi da karnen kowa ya karɓo muku, ku raba kuɗin mashin. Zan yi wa majo magana in ji ko zai amince."

"To, yi masa. Ki biya ta wajen innarki, ita ma tana ta kukan ƙafa."

Aikin aji

Na farko, lissafi. A ce maganin wata ɗaya jika ɗaya da rabi ne, wato sefa 1,500, kuɗin mashin zuwa da dawowa jika 2. Nawa dattijon zai kashe a shekara in shi kaɗai ke zuwa duk wata? Nawa zai kashe in su huɗu suka raba kuɗin mashin? Ku kwatanta abin da ya rage da farashin tiyar hatsi a kasuwarku ta wannan mako.

Na biyu, rubutu. Kowa ya ja layi a allonsa ko littafinsa ya yi gida huɗu: suna, ranar awo, lambar da aka samu, ranar dawowa. Ku cika layi ɗaya da bayanin dattijon cikin hira.

Na uku, tattaunawa. Kowace CSI tana da kwamitin jama'a mai sa ido kan kuɗi da magani, wanda ake kira COGES. Su wa ke wakiltar garinku a ciki? Ku zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su je su yi tambaya uku: akwai na'urar awon jini mai aiki? Akwai littafin masu hawan jini da suga dabam? Wane magani ne ya fi yawan yankewa, kuma a wane wata? Su kawo mana amsa a zama mai zuwa, kowa kuma ya zo da karnen lafiya na gidansu, ko da tsoho ne, za mu koyi karanta abin da aka rubuta a ciki.